Rafa'el Lemkin, Wanda Ya Raɗa wa Laifi Suna

Ran da malamin tarihi ya tambaye mu wane ne ya sa kisan ƙare dangi ya zama laifi a dokar duniya, ajinmu kaf tsit muka yi. Kunyar wannan rana ce ta kai ni laburare, inda na tono labarin Rafa'el Lemkin.

Lemkin Bayahude ne, lauya, mutumin Folan. An haife shi a 1900 a wani ƙauye da ke cikin Belarus ta yanzu. Yana saurayi ya ji labarin wata shari'a da aka yi a Balin a 1921. Wani Ba'armeniye ne ya harbe Talat Fasha, ɗaya daga cikin shugabannin Turkawa da suka shirya hallaka Armeniyawa a 1915. Abin da ya ɗaure wa Lemkin kai shi ne, wanda ya kashe mutum guda ga shi gaban alƙali, amma mai hallaka al'umma sukutum babu dokar da za ta kama shi. Wannan tunani bai sake shi ba har ya bar duniya.

Da Jamus ta mamaye Folan a 1939 sai ya tsere zuwa Suwidin, ya isa Amurka a 1941. Danginsa 49, har da mahaifansa, suna cikin Yahudawa wajen miliyan shida da 'yan Nazi suka kashe. A 1944 ya haɗa kalmar Girkanci mai nufin ƙabila da ta Latin mai nufin kisa, ya raɗa wa laifin suna cikin wani littafinsa.

Suna kaɗai bai ishe shi ba, doka yake nema. Ba shi da muƙami, ba ya wakiltar kowace ƙasa, amma ya dinga bin wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya ɗaya, har wasu suka gaji da ganinsa. Ni dai wannan naci ne ya fi burge ni. Ran 9 ga Disamba 1948, a Faris, Majalisar ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi.

Ya rasu a Niyok a 1959 cikin talauci, mutane 'yan kaɗan ne suka raka gawarsa. Amurka, inda aka binne shi, ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba sai a 1988. A 2015 Majalisar ta keɓe 9 ga Disamba don tunawa da waɗanda aka yi wa irin wannan kisa.