Alhaji Alhassan Ɗantata: Farken da Yaƙi Bai Karya Ba

'Yan'uwa 'yan ƙungiya, a wannan fitowa ta bikin tunawa da kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani magabaci a sana'armu, wanda ya fara neman na kansa a daidai lokacin da yaƙi ya ɗaiɗaita kasuwanni.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi ɗan zuriyar Agalawa ne, fataken da suka yi suna wajen ɗauko goro daga Gwanja. Mahaifin ya rasu Alhassan yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara da zama, a ƙasar Gana ta yanzu. Wata baiwar gidansu mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan ya samo sunan Ɗantata.

Yana cikin samartaka hanyar fatauci ta lalace ta ɓangarori biyu. A 1892 yaƙin sarauta ya watsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da sauran garuruwa. A 1893 kuma basasa ta ɓarke a Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello. Masu tarihi sun ruwaito cewa a wannan rikici aka kama Alhassan, sai da ya fanshi kansa. Ƙasa ba ta gama murmurewa ba Turawan Ingila suka ci Kano a 1903.

Alhassan bai zauna jiran tsohuwar hanya ta dawo ba. Ya lura cewa goron da ake kwashe watanni ana jansa a bayan jakai zai iya hawa jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, tafiyar ta ƙara gajarta, asarar goro a hanya ta ragu.

Jirgin ƙasan ne kuma ya buɗe cinikin gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Shi kuma sai ya riƙa raba kuɗi ga yaransa da dillalai tun kafin kaka, bisa amana, su shiga karkara da sikeli da buhuna. Wanda ya cika alkawari, baɗi a ƙara masa. Ta haka kuɗin ya isa hannun manomi da mai raƙumi da mai jaki da ɗan dako, mutane da dama da ba su da ko sisi suka zama masu jarin kansu. Dalar gyaɗa ta tashi a Kano, har gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta riƙa bin wannan jirgi zuwa bakin teku.

Ya sauke farali a 1921. An ruwaito cewa a 1929 raƙuma 20 ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya a reshen bankin Turawa da ke Kano. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, suka ci gaba da harkar.

Gaskiya ce, cinikin yana da nasa ɗacin. Kamfanonin Turawa ne ke yanka farashi, manomin da ya ci kuɗi tun da damina kuma ba shi da bakin ciniki da kaka. Haka nan Alhassan bai shimfiɗa layin dogo ba, hukuma ce ta yi. Amma da babu irinsa da suka zuba jarinsu suka yarda da ƙananan mutane, da jirgin bai samu kayan ɗauka ba.

Yau ga kasuwannin yankin Tafkin Chadi, irin su Baga da Banki da Gamboru, suna ƙoƙarin farfaɗowa bayan shekarun tashin hankali. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suna iya gyara hanya, su gina rumfuna, su tsare kan iyaka. Wanda zai ba ɗan'uwan da jarinsa ya ƙone buhu goma bashi ya sake farawa kuwa, a cikinmu yake. Kowane babba a ƙungiyar nan ya san aƙalla mutum ɗaya irin wannan, ya kamata ya neme shi kafin kaka ta zo.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya kyautata makwancinsa, ya sa albarka a kasuwancinmu.