Ben Enwonwu: Ɗan masassaƙin da ya gaji gizago ya kai sunan Nijeriya duniya

A ƙasar Hausa an san masassaƙi da turmi da taɓarya, da akushi da allo da ƙotar fartanya. Daga ƙauyukan Batsari da Safana har zuwa kasuwannin Kano, sana'a ce ta gado wadda ɗa ke koya a gaban mahaifinsa. Haka take a gabashin Nijeriya ma, kuma daga irin wannan gida ne Benedict Chukwukadibia Enwonwu ya fito, mutumin da ake lissafawa a sahun gaba na masu zane da sassaƙa na Afirka a ƙarni na 20.

An haife shi a Anacha ranar 14 ga Yuli, 1917. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin Royal Niger ne, kuma gwanin sassaƙa wanda ke yin kujeru da sandunan sarauta. Mahaifiyarsa kuwa 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi. Mahaifin ya rasu a 1921, yaron bai wuce shekara huɗu ba, sai kayan aikinsa suka zama gadonsa. Da su ya fara gwada hannu a kan guntayen itace, a cikin al'ummar da ke sassaƙa fuskokin katako tana shafe su da farar ƙasa domin bukukuwanta.

A 1934 ya shiga ajin Kenneth Murray, Baturen da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko domin koyar da zane, da farko a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, daga baya a ta Umuahia. Murray yana da ra'ayin cewa ɗaliban Afirka su riƙe salon iyayensu maimakon kwaikwayon Turai, don haka aikin aji ya ƙunshi sassaƙar itace da zanen rayuwar ƙauye. A 1937 ya kai ayyukan ɗalibansa baje koli a ɗakin Zwemmer da ke Landan, kuma na Enwonwu na cikinsu. Ta haka aikin makaranta na saurayi ɗan shekara 20 ya fara kai sunansa ƙetare.

Bayan ya koyar a makarantu, ciki har da Kwalejin Edo a birnin Benin, ya yi baje kolin kansa a Legas a 1944. Wannan ya jawo masa tallafin karatu zuwa Ingila, inda ya kammala makarantar zane ta Slade a 1947. A can ya fuskanci matsalar da ta bi shi tsawon rayuwarsa. Turawa da yawa a lokacin suna ganin fasahar Afirka ta tsaya ne a kan kayan gargajiya da ba a san masu yin su ba. Shi kuwa ya dage cewa ɗan Afirka na iya ƙwarewa a dabarun zamani, ya sa hannu a aikinsa, ba tare da ya yar da gadon gidansu ba.

Da ya dawo gida a 1948 aka naɗa shi mai ba gwamnati shawara kan harkar zane. A tsakiyar shekarun 1950 ya ƙera Anyanwu, mutum-mutumin tagulla da ke jikin Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas, wanda Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinsa kyauta a 1966. A 1957 ya kammala mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, bayan ta zauna a gabansa sau da dama yana ɗaukar kamanninta.

Duk da haka bai rabu da itace ba. A 1961 jaridar Daily Mirror ta kafa wasu dogayen mutum-mutumi bakwai da ya sassaƙa mata da katako a hedikwatarta da ke Landan, kowanne riƙe da jarida. Daga baya suka ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai a 2012, da aka tsince su a garejin wata makaranta a gabashin birnin. A shekarar da ta biyo baya aka yi gwanjonsu a kan sama da fam dubu 360.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya taɓa shi ƙwarai, domin mahaifarsa Anacha na cikin garuruwan da suka fi jin jiki. Bayan yaƙin, a 1971, ya zama farfesan zane a Jami'ar Ife. A nan ne ya zana Tutu, hoton gimbiya Adetutu Ademiluyi ta gidan sarautar Ife. Ganin ɗan ƙabilar Ibo ya zana 'yar sarautar Yarabawa a irin wannan lokaci ya sa jama'a suka ɗauki hoton a matsayin alamar sulhu, har kwafinsa ya shiga gidaje da yawa. Ɗaya daga cikin zanen na asali ya bayyana a wani gida a Landan a 2017, aka sayar da shi a 2018 a kan kimanin fam miliyan 1.2.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1980. Ya rasu a gidansa da ke Ikoyi, Legas, ranar 5 ga Fabrairu, 1994, yana da shekara 76. Daga baya masana sararin samaniya suka raɗa wa wani kwarin dutse a duniyar Makyuri sunansa.

Hanyar da ya share ta isa Arewa tun yana raye. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta nemi haɗa ilimin aji da fasahar gida. Har yau sashen zane na wannan jami'a yana yaye ɗaliban da ke fara aikinsu da gungumen itace da gizago, kamar yadda maraya ɗan Anacha ya fara da kayan mahaifinsa.