Allen Whipple, likitan fiɗar da ya gindaya sharuɗɗa uku kafin a ɗauki wuƙa

Duk ɗalibin da ya karanci aikin likita, a Nijeriya ne ko a wata ƙasa, sai ya ci karo da sunan Whipple a wurare biyu. Wuri na farko shi ne darasin fiɗa, inda ake kiran ɗaya daga cikin manyan tiyatocin ciki da wannan suna. Na biyu kuwa darasin cututtukan sukari ne, inda ake haddace wasu sharuɗɗa uku da ake tantance mai fama da faɗuwar sukarin jini da su. Mutum guda ne mai sunan, wato Allen Oldfather Whipple, Ba'amurken da aka haifa a ƙasar Farisa. Tiyatar ce ta fi yi masa suna, amma idan za a ƙirga yawan mutanen da suka amfana, da wuya sharuɗɗan nan uku ba su sha gabanta ba.

An haife shi ran 2 ga Satumba, 1881, a yankin Urmiya da ke arewa maso yammacin Iran ta yau, inda iyayensa suke aikin mishan. A can ya yi ƙuruciyarsa har ya kai kimanin shekara 14, cikin Farisawa da Turkawa da Kiristocin Assuriya, ya kuwa tashi da harsunansu a baki. Da iyalin suka koma Amurka ya shiga Jami'ar Princeton, ya gama a 1904, sannan ya sami digirin likita a Jami'ar Columbia da ke New York a 1908. A 1921, yana da shekara 40, aka ba shi shugabancin sashen fiɗa na Columbia da asibitin Presbyterian, ya riƙe kujerar shekara 25.

Gaɓar da ta zame masa fagen aiki ita ce fankiriyas, wata tsoka mai laushi da ke kwance can bayan tumbi, tsawonta bai wuce taƙi guda ba. Kanta yana cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma ta miƙa wajen saifa. Aiki biyu take yi. Mafi yawan namanta ruwa yake fitarwa zuwa hanji domin narkar da abinci. Sai kuma wasu 'yan tarin ƙwayoyin halitta da ke warwatse a cikinta kamar tsibirai, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, ya gano a Balin a 1869. Su waɗannan tsibirai kai tsaye cikin jini suke zuba sinadaransu, kuma mafi shahara a cikin sinadaran shi ne insulin, mai sauke sukarin jini. Likitocin fiɗa na wancan zamani tsoron gaɓar suke yi, da hujjarsu: tana da wuyar kaiwa, manyan jijiyoyin jini sun kewaye ta, kuma ruwanta da ke narkar da naman da aka ci, in ya tsiyaya cikin ciki, naman mai shi zai shiga narkarwa.

An gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921. Ba a jima da fara yi wa masu ciwon sukari allurarsa ba likitoci suka san abin da ke faruwa idan ya yi yawa: zufa, makyarkyata, bugun zuciya, ruɗewa, wani lokaci har suma. Wani likita a jihar Alabama, Seale Harris, ya lura cewa akwai marasa lafiya masu irin waɗannan alamu da ba a taɓa yi musu allurar ba, sai ya kawo ra'ayi a 1924 cewa jikin wasu mutane da kansa yake fitar da insulin fiye da kima. Hujjar ta fito a 1927 daga asibitin Mayo, inda Russell Wilder da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani majinyaci, shi ma likita, da aka samu da sankarar tsibiran fankiriyas wadda ta riga ta bazu zuwa hanta. Bai rayu ba. Amma da aka tatsi ruwa daga ƙarin da ke hantarsa aka yi wa zomaye allura, sukarinsu ya faɗi. Bayan shekara biyu, a 1929, Roscoe Graham na Toronto ya cire irin wannan ƙari daga cikin wata mata, ta warke.

Wannan ƙari, da ake kira insulinoma, ba kasafai ake samunsa ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum huɗu cikin miliyan a shekara. Yawanci bai kai santimita 2 ba, kusan girman gujiya, kuma tara cikin goma ba sankara ba ne. Ɓarnarsa ta fi girmansa nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, shi kuwa ƙarin ba ya daina zuba insulin ko da mai shi bai ci komai ba. Saboda haka ciwon yakan taso da asuba kafin karin kumallo, ko lokacin azumi, ko bayan aikin ƙarfi. Mutum ya farka bai san inda yake ba, ya yi ta sambatu, ya yi faɗa da iyalinsa babu dalili, ko ya faɗi yana shure-shure, bayan an ba shi abin sha mai zaƙi ya dawo hayyacinsa bai tuna komai ba. Wasu da kansu suke gane cewa ci ne maganinsu, su yi ta ci dare da rana har su yi ƙiba. Da yawa sun shafe shekaru ana yi musu maganin farfaɗiya ko taɓin hankali, wasu an ɗauke su mashaya. Mai karatu zai iya hasashen sunan da za a laƙaba wa irin wannan ciwo a inda babu na'urar gwajin jini.

Da labarin warakar Toronto ya bazu, sai wata matsalar ta kunno kai. Kasala da jiri da rawar jiki abubuwa ne da kowa kan ji, kuma a lokacin babu hanyar auna insulin a cikin jini, babu hoton da zai nuna ƙari ƙarami haka a bayan tumbi. Aka shiga buɗe cikin mutane bisa zato. Wani lokaci a dace, wani lokaci a lalube gaɓar kaf ba a ga komai ba, a yanke wani sashe nata da fatan ciwon yana ciki. Majinyaci ya ɗauki kasadar babbar tiyata, a zamanin da ba a da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, ya tashi da ciwonsa yadda yake.

Nan Whipple ya shigo. A 1935, shi da Virginia Kneeland Frantz, ƙwararriyar da ke binciken naman da aka yanko a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka wallafa rahoto a mujallar Annals of Surgery kan marasa lafiyarsu shida, suka kuma bi diddigin waɗanda wasu likitoci suka ba da labari. Daga kwatanta waɗanda aka sami ƙari a cikinsu da waɗanda ba a samu ba ne ya tace ƙa'idar da ya bayyana a 1938. Sharaɗi na farko, alamun su taso lokacin da mutum yake da yunwa ko ya yi aikin wahala. Na biyu, a ɗebi jini a daidai lokacin da ciwon ya taso, a ga sukari ya sauka ƙasa da miligiram 50 a kowace desilita. Na uku, da zarar an ba shi sukari, ta baki ko ta jijiya, alamun su gushe. In ɗaya ya ɓace, to likita ya mayar da wuƙarsa kube ya ci gaba da bincike.

Abin da ya ba ƙa'idar ƙarfi shi ne sharaɗi na biyu. Koken majinyaci kaɗai bai isa ba, sakamakon gwajin da aka yi masa yana zaune lafiya lau ma bai isa ba. Sai an kama ciwon yana cikin aikinsa. Kuma abin sha'awa ne a ce wannan birki daga hannun likitan fiɗa ya fito, mutumin da sunansa da abincinsa suke a bakin wuƙa. Ita Frantz ma ta cancanci a riƙa tunawa da ita, domin rabin aikin a ɗakin bincikenta aka yi shi, ko da yake sunan abokin aikinta kaɗai ƙa'idar ta ɗauka.

A shekarar 1935 ɗin ce kuma ya fitar da ɗaya rahoton, tare da William Parsons da Clinton Mullins, kan cire sankarar da ke fitowa a inda bututun matsarmama da na fankiriyas suke buɗewa cikin hanji. Ba shi ya fara gwada irin wannan aiki ba. Alessandro Codivilla ya yi a Italiya a 1898, Walther Kausch ya yi a Balin a 1909, shi ya sa Jamusawa har yau sukan haɗa sunan Kausch da na Whipple. Marasa lafiya uku rahoton ya ƙunsa, kuma zango-zango aka yi wa kowannensu aikin, saboda toshewar bututun matsarmama na kawo shawara, mai shawara kuwa jininsa ba ya saurin daskarewa. Ta farkon ta rasu ba a kwana biyu ba bayan zango na biyu, domin ruwan fankiriyas ya cinye zaren ɗinkin, wanda a lokacin da hanjin dabbobi ake yin sa. Whipple ya koma ɗinki da siliki. Na ukun ya rayu sama da shekara biyu.

Tiyatar da ake yi yau a zama ɗaya kusan a kan kuskuren ganewa aka haife ta. A watan Maris na 1940 aka kawo wata mata mai shekara 53 da aka yi zaton sankarar tumbi ce da ita, Whipple kuma zai yi mata aiki a gaban wasu likitoci baƙi da suka zo kallo. Sai da ya riga ya raba tumbin biyu sannan ya gane cewa ƙarin a kan fankiriyas yake. Komawa baya ba ta yiwuwa, matar kuma ba ta da shawara, don haka ya zarce: ya cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da sashen tumbi, ya sake haɗa hanyoyin a wannan zama. Da aka duba naman, sai ga shi sankarar tsibiran nan ce, irin wadda ba ta da saurin yaɗuwa kamar sankarar fankiriyas da aka saba gani. Matar ta ƙara shekara 9 a duniya. Samuwar bitamin K a daidai wannan lokaci, wanda ke gyara daskarewar jinin mai shawara, ta sa aikin zama ɗaya ya yiwu ga sauran majinyata ma.

Duk da haka, sau 37 kacal ya yi wannan tiyata a tsawon rayuwarsa. Ta kuma daɗe tana cin rayuka. Har shekarun 1960 da 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya fita asibiti da rai, abin da ya sa wasu manyan likitoci suka nemi a daina ta. Sai daga shekarun 1980 manyan cibiyoyi irin su Johns Hopkins suka sauko da mace-macen ƙasa da kashi 5 cikin 100, saboda yawan yi da ingancin kulawa bayan aiki.

Sauran dangin insulinoma a zamaninsa aka fara gano su. Paul Wermer, a asibitin da Whipple ya yi aiki, ya nuna a 1954 cewa a wasu iyalai gadon irin wannan ƙari ake yi, ya fito a fankiriyas da wasu gaɓoɓin masu fitar da sinadarai. A 1955 Robert Zollinger da Edwin Ellison na jihar Ohio suka bayyana ƙarin da ke sa tumbi ambaliyar ruwan tsami har gyambon ciki ya ƙi jin magani. A 1958 Verner da Morrison suka bayyana wanda ke kawo zawo kamar na kwalara. A 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka wallafa hanyar auna insulin a jini, abin da Whipple ya yi aikinsa duka babu shi.

Yau wanda ake zargi da insulinoma kwantar da shi ake yi a asibiti, a hana shi abinci ƙarƙashin sa ido har zuwa awa 72, ana jiran ciwon ya taso a ɗebi jini a auna sukari da insulin tare. Bayan nan ne ake neman mazaunin ƙarin da hoton CT ko MRI, ko da na'urar hoto da ake zurawa ta baki har cikin tumbi. In ƙarami ne, ɓare shi kawai ake yi a bar gaɓar, kuma mafi yawan marasa lafiya warkewa suke yi ɗungurungum. Wanda ba za a iya yi wa aiki ba akwai magunguna irin su diazoxide da ke rage fitar insulin. Amma ƙofar shiga duk wannan ba ta sauya ba: ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta fitar a 2009 sun ce kada a fara binciken faɗuwar sukari sai an tabbatar da sharuɗɗan Whipple uku.

Ya kuma bar ɗalibai. Shi ya shawarci Virginia Apgar ta bar fiɗa ta koma fannin sa majinyaci barci lokacin tiyata, ita ce daga baya ta ƙirƙiro ma'aunin lafiyar jariri da ake yi a mintunan farko na haihuwa, wanda ungozomomin asibitocinmu suka sani. Charles Drew, baƙar fatan Amurka da ya yi fice a fasahar adana jini, a sashensa ya yi digirinsa na ƙoli. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa hukumar tantance likitocin fiɗa ta Amurka a 1937. Kada a rikita shi da George Whipple, wanda ya sami kyautar Nobel a 1934 kuma ake kiran wata cutar hanji da sunansa. Wannan mutum ne daban.

Bayan ya bar Columbia a 1946 ya yi 'yan shekaru a asibitin Memorial na masu sankara a New York, daga nan hankalinsa ya koma yankin da aka haife shi. Ya taimaka wa sashen likitanci na Jami'ar Amurka da ke Beirut, ya kuma ba da gudummawa wajen tsara horar da likitoci a asibitin Namazi da ke Shiraz a Iran. Shekarunsa na ƙarshe a Princeton ya yi su yana nazarin tarihi, musamman yadda ilimin likitanci na Girkawa ya bi ta hannun Kiristocin Nasturiyawa na makarantar Jundishapur, aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza, malaman Musulmi suka faɗaɗa shi kafin ya koma Turai. Ya rasu ran 6 ga Afrilu, 1963, yana da shekara 81. Littafin da ya rubuta kan rawar da Nasturiyawa da Musulmi suka taka a tarihin likitanci ya fito a 1967, shekara huɗu bayan rasuwarsa.