Taƙaitaccen Tarihin Soichiro Honda, Ɗan Maƙeri

Manoman Bichi da Dambatta sun san sunan Honda a jikin babur da injin ban-ruwa, amma kaɗan ne suka san mai sunan.

An haifi Soichiro Honda a 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu, ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna, mahaifiyarsa kuwa masaƙiya ce. A 1922 ya tafi Tokyo koyon kanikanci. Daga baya ya kafa masana'antar kayan inji, amma bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasar 1945 suka rusa ta.

Bai karaya ba. A 1946 ya shiga ɗaura wa kekuna ƙananan injuna da sojoji suka bari, domin a lokacin abin hawa ya yi wuya. Ya kafa kamfanin Honda a 1948, ya fito da babur Super Cub a 1958, sannan mota a 1963. Ya yi murabus a 1973, ya mutu a 1991.

Lalle maƙerar ƙauye ba abar rainawa ba ce, domin a cikinta wannan gwani ya tashi.