Abubakar Imam: malamin da ya rubuta Magana Jari Ce cikin wata shida

Jama'a masu saurarenmu a nan Dakoro da kewaye, yau za mu waiwayi rayuwar Alhaji Abubakar Imam. Dalili kuwa, mun san akwai matasa da dama, har da mu nan gidan rediyo, masu labari ko wasan kwaikwayo a ka, amma kullum sai gobe, sai an gama girbi, sai bayan salla.

An haifi Imam a 1911 a Kagara, cikin jihar Neja ta Najeriya (ba Nijar ɗinmu ba, kada a rikice). Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malamin lakwal a can. A 1933 wani Bature, Rupert East, mai kula da ofishin fassara a Zariya, ya sa gasar ƙaga labarai da Hausa. Imam yana ɗan shekara 22, ga aji yana jiran shi kullum, amma ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja ya aika. Yayansa Bello Kagara ma ya shiga da Ganɗoki.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne 1936. East ya nemi aron shi daga Katsina zuwa Zariya, aka yanke mishi wa'adin wata shida. Bai tsaya jiran ranar da basira za ta sauko ba. An tara mishi littattafan labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya zaɓa, ya sa musu riga da hula irin namu, har mai karatu ya rantse a Hausa aka haife su. Abin da ya rubuta East na dubawa, su tattauna, a gyara. Wata shidan nan ya fitar da Magana Jari Ce, littafi uku cur. A ganinmu sirrin bai wuce nan ba: akwai ranar gamawa, akwai kuma mutum zaune yana jiran shafi na gaba.

Abin dariya, littafin farko kansa kan jinkiri aka gina shi. Aku ne ke ta jan Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri.

A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa fiye da shekara goma. Jarida kuwa ba ta san uzuri ba, ranar fita ranar fita ce. Da ya je Ingila a 1943, bai bar tafiyar ta tsaya a hira ba, ya mayar da ita littafi, Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Allah ya yi mishi rasuwa a Zariya a 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙan shi.