John Kemeny: Malamin da Ya Buɗe wa 'Yan Koyo Ƙofar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya rubuta PRINT, ya ga sunansa ya fito a allo har ya yi murmushi, to ya ci gumin John Kemeny, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi a Budapest ta ƙasar Hungary a 1926, cikin iyalin Yahudawa. A 1940 suka tsere wa barazanar Hitler zuwa Amurka. Kakansa ya ƙi tafiya, kuma bai tsira ba. Yaron ya sauka New York, Turanci ba harshensa ba, amma cikin shekara uku ya gama sakandare yana na ɗaya. Ya shiga Jami'ar Princeton, har ya zama mai taimaka wa Einstein da lissafi yana ɗan shekara ashirin da biyu. Kai, sa'anmu fa ke nan!

A 1953 ya koma koyarwa a Kwalejin Dartmouth. A lokacin, kwamfuta ta manya ce. Sai ka huda shirinka a kati, ka miƙa, ka jira sa'o'i ko ma washegari, a ce maka waƙafi ɗaya ya ɓata komai. Harsunan da ake da su, irin su FORTRAN, don masana aka yi su. Abin ya dami Kemeny: ɗalibin tarihi fa, shi ke nan ba shi da rabo?

Shi da abokin aikinsa Thomas Kurtz suka ƙirƙiro BASIC: umarni kaɗan, da kalmomin yau da kullum kamar LET da IF, sannan amsa nan take. Ɗalibansu ne suka yi kaso mai yawa na aikin. Ranar 1 ga Mayu, 1964, shirin farko ya yi aiki. Ba su sayar da harshen ba, kyauta suka bayar. Da BASIC Microsoft ya fara kasuwa a 1975.

Masana sun soki BASIC, wai yana koyar da rubutun shiri barkatai. Da gaskiyarsu ta wani fanni, amma sai an shiga gida ake koyon shara.

Ya shugabanci Dartmouth daga 1970 zuwa 1981, a zamaninsa aka fara ɗaukar mata, kuma bai daina shiga aji ba. Ya rasu a Disamba 1992.

Mu da muke shirin fita, in ƙaramin ɗalibi ya zo da tambayar da muke gani ta banza, mu tuna wanda ya zauna da Einstein bai raina ɗan koyo ba.