Bruno Rossi: Matashin da ya ƙera na'urar ƙirga abin da ido ba ya gani

Ɗan'uwa mai karatu, yanzu haka da kake duba wayarka, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi daga sararin samaniya suna ratsa rufin ɗakinka, su bi ta jikinka su shige ƙasa, kai kuwa ko a jikinka. Bruno Rossi na cikin waɗanda suka fara bin sawunsu.

An haife shi a birnin Benis na Italiya a 1905. A 1928 ya samu aikin mataimakin malami a Jami'ar Fulorans, a ɗakin gwajin da kuɗi suka yi wa ƙaranci. Na'urar Geiger da ake da ita lokacin, kowace irin ƙwaya ta ratsa ta sai ta yi ƙas, ko daga sama take ko daga bangon ɗaki. To ta yaya za ka bambance?

A 1930, yana ɗan shekara 25, Rossi ya jera na'urorin, ya haɗa su da kwalaben lantarki irin na cikin tsohuwar rediyo, yadda ba za a ƙirga komai ba sai duk sun motsa lokaci guda. In hakan ta faru, ƙwaya ɗaya ce ta ratsa su gaba ɗaya. Da wannan dabara ya nuna cewa wasunsu na huda dalma mai kaurin mita guda. Irin wannan tsari na “sai duka sun amsa” yana cikin tubalan kwamfutar yau.

Ya zama farfesa a Paduwa a 1932, ya kai na'urorinsa har Asmara ta Eritiriya a 1933. Sai ga 1938: gwamnatin Musolini ta kafa dokokin wariya, aka kore shi daga aiki don kawai shi Bayahude ne. Ya fice da matarsa, ya bi ta Denmak da Ingila zuwa Amurka. A can ya ƙera na'urorin awo a Los Alamos, inda aka haɗa bam ɗin nukiliya, babin da har yau ake muhawara a kansa. Daga 1946 ya koyar a MIT, ya rasu a 1993.

An ƙwace masa kujera da ɗakin gwaji, amma fa abin da hannunsa ya iya ya tsallaka teku tare da shi. Kai ɗalibi, me hannunka ya iya bayan abin da ke cikin takarda?